Masu Zaman Shiru da Ranar Zailani

Mount Hope, Bronx
Watan Azumin Tsofaffi, 2017

Da sunan Allah Mai rahama. Daga hannun Alhaji Malam Saani, limamin masallacin 'yan Zango, mutanenmu na Kumasi mazauna Mount Hope, mai ɗaura aure da raɗa suna tun daga Bronx har Harlem, wanda in ya fito da rawaninsa ko motar bas sai ta rage gudu, zuwa ga Hajiya Safiatu a Aboabo, Kumasi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tambayar gwiwar nan da ke damun ki. An gaya mini kunne ma ya yi nauyi, waya ba ta yi miki amfani, shi ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta da ajami. Yaronmu Moro, ɗan ƙaninki, zai ɗauki hoton takardar ya tura wa jikarki Rafia ta nuna miki. Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya.

Dalilin rubutu: na ji Hamdatu mai zannuwa ta dawo gida ta ce miki ta ga ɗanki Zailani yana shiga gidan Nasara ranar Lahadi, kin rubuto masa magana mai zafi, shi kuma ya kasa ba ki amsa, yana ta ramewa. To, ni da kaina na bincika.

Kin san aikinsa kula da tsofaffi ne. Tsohon da yake kulawa da shi, Baba Walta, ba ya tafiya sai a keken guragu, kuma yana cikin wata jama'a da ake kira Kweka, su kuma suna kiran junansu Abokai. Zailani shi ke tura shi wurin taronsu. Na je na zauna da su. Hajiya, babu fasto, babu gicciye, babu ganga, babu waƙa, ba ma wanda ke gaba. Benci ne an jera suna fuskantar juna, kowa ya zauna ya yi shiru yana jira. Awa guda cur! Cikin wani ya yi ƙugi, duk muka ji, ba wanda ya yi dariya sai mutum ɗaya da ba zan faɗi sunansa ba. Can wata tsohuwa ta miƙe ta ce ta ga tsuntsu a tagarta ya tuna mata ƙanwarta, ta zauna. Wa'azin ranar ke nan. Aka yi musabaha, aka sha kofi da biskit mara sukari. In da haka ake fitar da mutum daga addini, da ba a fitar da kowa ba.

Ga inda amfaninsu yake. Kin san maganar takardun Zailani: an bar shi yana aiki da sharaɗin ya riƙa zuwa ofishin baƙi na hukumar shige da fice yana nuna fuskarsa. Da can shiga da fita ne. Bana abin ya canja, wasu sun shiga ba su fito ba. Ranarsa tsakiyar Sha'aban ce. Mu 'yan Zango rabinmu ba mu isa mu taka ƙofar nan ba, kar mu je rakiya a riƙe mu. Su kuwa Abokan nan raka mutum suke yi. Su zauna a ɗakin jira, ba faɗa ba ihu. In mutum bai fito ba, nan take su kira lauyarsu, su bi sawun inda aka kai shi. Sun ma karɓi sunan Zailani, sun ce za su riƙe shi a cikin haske. Ki kwantar da hankalinki.

Shi kuwa Moro, ban taɓa ganin yaro irinsa ba: ga kunya, ga ibada, ga kyau. In akwai yarinya mai hankali a Aboabo, a fara duba masa. Wassalam.


Aboabo, Kumasi

Zuwa ga Malam Saani, Allah ya ƙara daraja.

Na gode da tambaya. Gwiwa tana nan, wata rana ta bar ni in je masallaci, wata rana ta hana. A gaida iyalinka da jama'ar masallaci.

Malam, ka ce in kwantar da hankali, amma tun da na karanta takardarka abinci bai wuce mini ba. Da Hamdatu ta ce coci, fushi kawai na yi. Coci na sani. Maƙwabciyata Ama 'yar coci ce, mun tsufa tare, su yi kiɗa su yi rawa su cika mana unguwa, amma ko da kunnena mai nauyi na san abin da suke faɗa, na san wa suke kira. Waɗannan naka fa? Ba shugaba, ba littafi a hannu, sun kewaye juna sun sunkuyar da kai suna jira. Me suke jira, Malam? Wa zai zo? A nan garin, mutanen da ke haɗuwa su yi shiru ba su faɗi abin da suke yi ba, mun san sunansu, kuma ba ma barin yaranmu su bi ta ƙofarsu. Sai kuma ka ce sun karɓi sunan ɗana za su riƙe a cikin haske. Sunan ɗana! Hasken me? Fitila ce ko wuta? Wa ya ba su? Kuma wane ne zai bar aikinsa ya raka baƙon da ba danginsa ba, ba ya neman komai? Ni ban taɓa gani ba.

Na rubuta wa Zailani tasa dabam, Rafia ta tura masa kai tsaye. Ban ambaci sunanka ba, kar ya ji kunyarka. Na ce tsohon nan amana ne, ya kai shi bakin ƙofa ya tsaya a waje. Amma in ya sake zama da su, ko ya bari suka bi shi ofis, ko ya karɓi wani abu daga hannunsu, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Allah ya isa rakiya. Kai dai ka taya shi da addu'a.

Maganar Moro kuwa, Malam, ashe ba ka san shi ba. Shi ne ya sa wa ladaninmu kwaɗo a buta. Shi ne ya yi muryar ubansa ta bayan katanga ya sa mahauci ya kawo cinyar rago gida. Ni na goya shi bayan uwarsa ta rasu, na san can ciki ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya hutawa ko a sahun salla. Kar ka ba shi ajiyar ko allura. Yarinya kuwa, sai ya fara yin hankali.

Ni ce Safiatu.


Mount Hope, Bronx
Farkon Sha'aban

Daga Malam Saani zuwa ga Hajiya Safiatu. Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu lafiya, amma ba sosai ba.

Hajiya, ba haka na nufa ba. Wallahi ba haka na nufa ba. Hasken nan ba fitila ba ne, ba kyandir, ba a ƙona komai. Abin da mu za mu ce mun sa mutum a addu'a, su shi ne suke cewa sun riƙe shi a cikin haske. Shirun kuma ba ɓoye wani abu suke yi ba, ƙofa a buɗe take, har wani mai kwana a titi yakan shigo ya yi barcinsa a benci ba a tashe shi. Ran Talata suna raba abinci a gindin bene, matanmu na Zango ma suna bin layi, har an daina sa naman alade a tukunya saboda su.

Zailani ya bi maganarki. Kin san shi, ko cewa kika yi ya daina shan ruwa sai ya gwada. Ya gaya wa Baba Walta kar kowa ya raka shi. Ranar Lahadi yana kai tsohon bakin ƙofa, ya tsaya a titi da hannuwa cikin aljihu.

Su kuma suka kira taro a kansa. Ki ji yadda suke yanke magana: ba a ɗaga hannu, ba a ƙirga masu rinjaye. Zama ake yi har sai kowa ya yarda, in mutum ɗaya bai yarda ba a koma shiru. Na zauna har ƙafata ta mutu. Wata budurwa mai zafin kai ta ce su je kawai, su tsaya a tsallaken titi, ai titi na kowa ne. Da yawa suka gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa har rawanina ya kusa faɗuwa. Sai Baba Walta ya ce, da muryarsa da ba ta fi ta sauro ba: "Uwarsa ta ce a'a, shi ma ya ce a'a. Wanda ya bi mutumin da ya ce kar a bi shi, ba raka shi ya yi ba." Aka yi shiru mai tsawo. Aka tashi a kan ba za su je ba. Budurwar ta fita tana kuka.

Ko lambar wayar lauyarsu, Zailani ya ƙi karɓa. An so a rubuta masa a hannu da biro, don in an kwashe kayan aljihunsa ta rage a jikinsa. Ya janye hannun.

Hajiya, ina roƙon ki ki janye maganar kafin ranar. Layi ɗaya ya isa.

Moro yana gaishe ki. Ya ce kwaɗon nan shi ya shiga butar da kansa. Kwanan nan dai ba ya dariya sosai.


Aboabo, Kumasi

Malam, sallama. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, ka yafe mini.

Wayar Rafia ta faɗa baho, ta daɗe wurin mai gyara. Sai yau takardarka ta fito, ga shi ana maganar duban watan azumi. Ranar ta wuce ban sani ba. Rafia ta kira Zailani, wayar a kashe. Ta kira Moro, bai ɗauka ba. Na aiki yaro gidan Hamdatu, ta ce ita ba ta ji komai ba, amma ta ƙi kallon idonsa.

Ina ɗana? Ya shiga ya fito?

Maganar tsohon nan ta tsaya mini a rai. Da gaske ya ce tunda uwarsa ta hana kar a je? Mutumin da bai taɓa ganina ba?

Ka amsa mini, don Allah. Yanzu kai ma ka koyi shirunsu ne?


Mount Hope, Bronx

Hajiya, ki yi haƙuri, ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa.

Bai fito ba. Ya shiga shi kaɗai da safe, Moro ya tsaya can nesa wurin mai sayar da kofi yana leƙen ƙofa har aka rufe ofis. Mun yi kwanaki ba mu san inda yake ba, ba wanda zai iya shiga ya tambaya. Daga baya ya samu ya kira. Yana gidan tsare baƙi a ƙetaren kogi. Yana da lafiya, ba a dake shi ba, yana azuminsa, ya ce abincin buɗa baki yakan zo da sanyi.

Ga matsalar. Lauyar Abokan nan ta ce akwai takardar da za a shigar a dakatar da sa shi a jirgin mayar da shi gida, jama'arsu kuma za su tsaya masa su ce sun san shi. Amma sai ya sa hannu. Ta yi tafiya har can, ya ƙi fitowa ya gan ta. Ya ce Mma ta ce kar ya karɓi komai daga hannunsu. Ba a faɗa wa mutum ranar jirginsa, tashin sa kawai ake yi.

Ba ni da abin ƙarawa.


Aboabo, Kumasi
Cikin azumi

Malam Saani,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta, Rafia ta riƙe ni. Mutane suna ce mini ai in an dawo da shi zan gan shi. E, ina son ganinsa, amma ba da ankwa ba, ba a bar matarsa da 'yarsa ƙarama a can ba mai tsaya musu.

Ni mace ce da karatuna bai yi nisa ba. Na yi rantsuwa a kan ɗana don ina tsoron abin da ban sani ba, kuma har yanzu ban sani ba. Kai ne malami, kai ka zauna da su, idonka ya gani. Ka ba ni hukunci. In ka rubuto da hannunka cewa ya halatta, babu shirka a ciki, kuma ka ɗauki nauyin a wuyanka gaban Allah, a ranar zan janye. Kalma ɗaya daga gare ka nake jira.

Kuma ka je ka gan shi, Malam. Kai ai babu mai riƙe ka. Ka shafa kansa a madadina.

Safiatu.


Mount Hope, Bronx
Goman tsakiya na azumi

Zuwa ga Hajiya Safiatu. Ina gaisuwa, ina tambayar gwiwa da azumi. Ban sa sunan mai rubutu a sama ba, yana ƙasa. Ki daure ki karanta a jere.

Hukuncin da kika nema, na rubuta shi a ranar da takardarki ta zo. Ya yi kyau ƙwarai. Na sa aya, na sa salati, na ja layi a ƙarƙashin "ya halatta". Kafin in tura, na ruga gidan Baba Walta in yi masa albishir, don tun da aka riƙe Zailani ni ke tura kekensa ranar Lahadi. Na ce masa da guntun Turancina: an gama, uwar ta ce in liman ya yarda ta yarda, ga takardar liman. Ya duba rubutun, ba ya karanta ajami, ya ce yana da kyau. Sai ya ce: "Liman ya san ya rubuta wannan?"

Na yi dariya. Na ba shi labari tun daga farko, har da rawani da motar bas. Na kwaikwayi tafiyar Malam Saani a tsakar ɗakinsa. A duniya ba wanda na taɓa yi wa wannan bai yi dariya ba. Tsohon nan bai yi ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ɗora hannuwa a cinya ya yi shirun nan nasu. Na ƙara wani wasan. Shiru. Na ce masa jirgi fa ba ya jira. Shiru. Da zagi ne na san abin yi, da mari ne na saba. Can ya ce: "Ina son Zailani kamar ɗana. Amma ba zan je in ce masa uwarsa ta yarda ba, alhali abin da ta yarda da shi ba a faɗe shi ba. In ya tambaye ni, gaskiya zan gaya masa." Idonsa da hawaye yake maganar. Na ce a raina wannan tsoho zai sa a kori mutum saboda taurin kai. Na fita ban yi masa sallama ba.

Ran Lahadi dai na dawo, don ba mai tura shi. Na zauna a bencin. Kin tambaya me suke jira, wa zai zo. Ni ban san abin da ke zuwa musu ba. Ni abin da ya zo mini shi ne ke, a kan tabarmarki, kina riƙe wayar Rafia kusa da ido, kina cewa "Allah ya ƙara daraja" ga yaron da ya sa kwaɗo a buta. Da kuma Yaya Zailani yana janye hannunsa daga biro. Da ban yi wasa da shirunsu a takardar farko ba, da fushin coci kawai kika yi, ya wuce. Na so in gyara ne, na ga yana ramewa, na san ba za ki saurari maganata da sunana ba.

Daga can na wuce wurin Malam Saani na gaskiya. Bai san da ko ɗaya cikin takardun nan ba. Ya murɗe mini kunne da azumi a bakinsa, har yanzu yana zafi. Shi ba zai iya zuwa gidan tsarewa ba, nasa takardun ma suna hannun lauya. Amma jiya ya sa na kai shi taron. Ya zauna da carbinsa awa guda, ya yi musu tambayoyi ta bakin ɗansa. Ya ce zai rubuto miki abin da ya gani da hannunsa, amma sai tawa ta riga tasa isa. Ban san abin da zai ce ba, ya ƙi gaya mini.

Ni ba ni da hukunci, karatuna a allo ya tsaya. Abin da na gani da idona kawai nake da shi, kuma duk abin da na faɗa a kansu gaskiya ne, sunan ne kawai ƙarya, sai rawanin. Lauyar ta ce ranar da kika rubuto, ranar za ta kama hanya. Baba Walta ya ce in tambaye ki ko kin yarda ya ci gaba da riƙe Zailani a cikin haske. Ya ce in kin ce a'a ba zai iya dainawa ba, amma yana so ki sani.

Hukuncin da na rubuta na yayyage shi.

Gwaggo, ni ne. Ni na rubuta miki tun ta farko. Ki zage ni, ki ce kar in sake taka Aboabo, ki fasa duba mini yarinyar. Amma ki fara rubuta wa Yaya Zailani tukuna, nawa ya biyo baya.

Ɗanki da kika goya,
Moro.